Biskit a Tukunyar Gwaggo

Tun da an ce kowa ya kawo abin da zai sa a mujallarmu ta bana, na ga ya kamata in ba ku labarin abin da ya same ni a hutun watan Disamba na 2024, a gidan kakata a Gwaram. Labarin biskit ne, amma ina roƙonku kada ku raina shi, gama ni na sha kunya a cikinsa, na kuma ƙaru.

Asalin maganar daga aji ta fara. A zangon farko malamarmu ta darasin kula da gida ta koya mana yadda ake yin biskit mai cakulan. Aka raba mu rukuni-rukuni, muka kwaɓa, muka sa a obin, watau akwatin nan na gashi mai aiki da gas. Da aka fitar, sai na rukuninmu ya fi na kowa kyau. Malama ta ɗaga guda ɗaya ta nuna wa aji, ta ce a tafa mana. To, ni ce shugabar rukunin, saboda haka kaina ya kumbura. Na rubuta ma'aunin a bayan littafina, na riƙa ganin duk Birnin Kudu babu wadda ta kai ni iya gashi.

Da aka ba da hutu, Baba ya ce in je in yi wa Iya kwana 10, watau mahaifiyarsa. Ya ƙirgo kuɗin mota na zuwa da na dawowa ya ba ni, ya ce in kula da su. Gwaram tana gabas da mu, tana iyaka da Jihar Bauchi, kuma can ne tushen gidanmu. A gidan akwai Iya, da Baffa da matarsa, da 'ya'yansu 3: tagwaye maza 'yan shekara 7, da ƙanwarsu 'yar shekara 4. Sa'an nan akwai wata yarinya 'yar shekara 5, 'yar gwaggona, ƙanwar Baba. Sunan Iya aka sa mata, don haka babu mai faɗin sunan saboda kunya, kowa Takwara yake ce mata. Gwaggo ta rasu da daminar wannan shekara, Allah ya jiƙanta, shi ne aka dawo da yarinyar wurin Iya. Tun daga ranar bakinta ya mutu. In ka yi mata magana sai ta ɗaga kai ko ta girgiza, ta koma gindin bango ta zauna.

Daren da na isa ana hira a tsakar gida, sai na ce wa yara, "Gobe zan yi muku biskit na koko, irin wanda ake sayarwa a kanti."

Iya ta dube ni ta ce, "Kishiya, biskit da koko? To ai ga gasara can a ƙwarya, sai ki tashi da asuba ki dama."

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Haba Iya, ba kokon gero ba." Ɗaya daga cikin tagwaye ya ruga ya ɗauko ƙoƙon shan fura, ya ce ko wannan nake nufi. Sai da na zauna na warware musu cewa abu 3 ne masu kama da juna a baki: akwai koko na gasara da muke sha da ƙosai, akwai ƙoƙo na duma, akwai kuma koko ɗan itace, wanda daga ƙwayarsa ake yin cakulan. Iya ta ce, "To, mu dai idanu ne namu. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Da gari ya waye na shiga kasuwa. Na sayi fulawa, da sukari, da bota, da bekin foda. Garin koko zalla kuwa na bi shaguna ban samu ba, sai na sayi Bournvita na leda a madadinsa. Da na yi ƙorafin tsada, mai shago ya ce ba laifinsa ba ne. Gaskiyarsa kuwa, domin a shekarar 2024 farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, saboda amfanin bai yi kyau ba a Gana da Kodebuwa, ƙasashen da suka fi kowa noma shi. Kafin in ankara kuɗin guzurina sun ƙare, na sa hannu a kuɗin motar dawowa, na kashe su ƙarƙaf. Na ce a raina, in suka ɗanɗana aikina wa zai tuna da kuɗin mota? Abin da na sayo zai yi kwaɓi 2, ba ƙari.

Na dawo gida na ce, "Iya, ina son tukunya babba mai murfi, wadda zan zuba wa yashi, tun da ba ku da obin." Iya ta yi shiru na ɗan lokaci. Can ta tashi ta shiga ɗakinta, ta fito da wata tukunyar dalma wadda gindinta ya yi baƙi ƙirin, da ɗan sauran yashi a ciki, da wani faranti na ƙarfe. Ta ajiye a gabana ba ta ce uffan ba. Na lura Takwara ta taso daga gindin bango ta zo ta tsaya kusa da tukunyar, amma ban kawo komai a raina ba.

Yara suka kewaye ni. Wannan ya ce zai fasa ƙwai, wancan ya tsoma yatsa a sukari, ƙaramar kuwa ta ja kwanon fulawa saura kaɗan ta kifar. Raina ya ɓaci, na daka musu tsawa, na ce, "Ku tashi ku ba ni wuri! Wannan ba wasan ƙasa ba ne. In na gama na kira ku." Suka koma bakin zaure suna leƙe. Na kwaɓa ni kaɗai, na yi ta murzawa kamar mai kwaɓin burodi, don in burge. Na hura wutar itace ta kama bal-bal, na ɗora tukunya da ɗan yashin da ke ciki, na aza faranti a kai, na rufe. Na duba littafi, an ce minti 20, sai na duba agogo na harɗe hannu.

Ana cikin haka sai na ji an ja mini zane. Na waiga, ashe Takwara ce, tana nuna wutar da yatsa, tana nuna murfin. Na buge hannunta na ce, "Ke, matsa! Me kika sani a nan? So kike ki ƙone a ce ni ce?" Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai, ta juya ta tafi bayan rumbu.

Da minti 20 suka cika na buɗe murfi. Wohoho! Hayaƙi ya turnuƙe ni. Ƙasan biskit ya zama gawayi, samansa kuwa ɗanye sharaf. Da ma kwaɓin cakulan duhu gare shi, ba a gane ƙonewarsa da ido, ni kuwa agogo na bi na ƙyale hancina. Tagwaye suka faɗi ƙasa suna dariya. Aka jefa wa akuyar Iya guda ɗaya, ta sansana ta kau da kai. Matar Baffa ta shige ɗaki don kada in ga tana murmushi. Rabin kuɗin motata ke nan ya bi hayaƙi.

Bayan sallar isha'i, yara sun kwanta, Iya ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "'Yar nan, zauna." Da na ji ba ta ce kishiya ba, na san magana ce babba. Ta ce, "Kin san tukunyar wa na ba ki?" Na ce a'a. Ta ce, "Ta gwaggonki ce. Da ita take gasa kek a gwangwanin madara tana sayarwa, da shi ta riƙe kanta. Tun da aka kawo kayanta ban bari kowa ya taɓa ta ba sai ke. Yarinyar nan da kika buge wa hannu, tun tana rarrafe take zaune a gefen tukunyar nan. Wuta take nuna miki ta yi yawa. Tun rasuwar uwarta, yau ne na fara ganin ta je wurin mutum da kanta."

Na sunkuyar da kai. Iya ta ƙara da cewa, "Ni ƙonewar fulawa ba ta dame ni ba, ko ni na ƙona tuwo ina amarya. Tambaya ɗaya zan yi miki. Da kika kori yaran nan duka, wa kike yi wa biskit ɗin?"

Ban iya amsawa ba, domin na san amsar. Kaina nake yi wa, don a ce na iya. A daren nan barci sai ɓarawo.

Da safe na sami Takwara a gindin bangonta. Na durƙusa daidai tsawonta na ce, "Takwara, jiya na yi miki laifi, ki yi haƙuri. Ni ban san tukunyar Gwaggo ba, ke kika san ta. Za ki nuna mini?" Ta daɗe tana kallona. Can sai ta tashi, ta ɗauki ƙoƙo, ta je ta tsaya a kan tukunyar, ta nuna mini da hannu inda yashi ya kamata ya kai. Ashe wanda na yi aiki da shi jiya ko rabi bai kai ba.

Nan na kira sauran yara, na ce yau kowa yana da aiki. Farko na sa kowa ya wanke hannu da sabulu. Tagwaye suka je suka ɗebo yashin rafi, busasshe, muka tankaɗe shi muka fitar da tsakuwa da ƙirare, muka zuba har ya kai kaurin yatsu 3. Amfanin yashi shi ne ya sha zafi ya raba shi daidai ko'ina, kada harshen wuta ya bugi wuri ɗaya. Muka sa ƙananan duwatsu 3 a kan yashin don faranti ya zauna a kansu, iska mai zafi ta riƙa zagaya shi. Wutar itace kuwa muka bar ta, muka hura gawayi.

Ga ma'aunin, ko wata za ta so ta gwada. Da gwangwanin madara muka auna, irin ƙaramin nan da kowane gida ke da shi. Fulawa gwangwani 3, sukari gwangwani 1, bota rabin leda mai giram 250, ƙwai 1, bekin foda ƙaramin cokali 1, da gishiri ɗan kaɗan. In an sami garin koko zalla, babban cokali 4 ya isa. In kuwa Bournvita ne ko Milo, a sa cokali 6, amma a rage sukari, gama da ma akwai zaƙi a cikinsu.

Tagwaye na ba su bota da sukari da muciya, suka yi ta bugawa bi da bi har ya yi fari ya yi laushi. Wannan bugu shi ke shigar da iska, ita ce ke sa biskit ya yi garas-garas. Ƙaramar na riƙe mata rariya tana bubbugawa, fulawa da bekin foda suna sauka, har girarta ta yi fari fat kamar tsohuwa. Takwara ita ta fasa ƙwai, a wani kofi dabam, ta sansana kafin ta zuba, yadda ba shakka ta ga uwarta tana yi. Ɓawo ko ɗaya bai faɗa ba. Da muka haɗa duka, ban murza ba irin na jiya, domin fulawar alkama tana da danƙo, in an cika murza ta sai biskit ya yi tauri. Muka tattara kwaɓin kawai ya haɗe, muka rufe shi muka ajiye a inuwa. Sanyin hunturu ya taimake mu, bota ba ta narke ba. Da ƙyar na hana su lasa, na ce akwai ɗanyen ƙwai a ciki, yana iya ɓata ciki.

Muna jira sai Baffa ya dawo daga gona ya zauna a kan turmi. Ɗan tagwaye ya tambaye shi ko a gonarsa za a iya shuka koko. Baffa ya ce ina, itacen koko sai ƙasar kurmi mai yawan ruwa da inuwa, irin su Ondo da Osun da Kuros Riba. Ya ce yadda Kano ta yi suna da dalar gyada, haka Ibadan ta yi suna da koko, har akwai wani dogon bene can da ake kira Gidan Koko, wanda aka gama a 1965 da kuɗin wannan amfani. Ni kuma na ƙara da abin da aka koya mana, cewa asalin itacen daga Amurka ta Kudu yake, 'ya'yansa a jikin kututture suke fitowa, kuma sai an tsima ƙwayar, an shanya, an soya, an niƙa, sa'an nan ta zama garin nan mai ɗaci. Baffa ya ɗauki ledar sukari ya nuna musu sunan da ke jiki, ya ce mai wannan suna, Alhaji Aliko Ɗangote, a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi sakandare. Alkama kuwa, ya ce ko da yake ana noma ta da rani a fadamun Haɗeja, yawancin wadda ake niƙa fulawa da ita a jirgin ruwa take zuwa daga ƙasashen waje. Iya ta ce, "To ashe a cikin abin nan naku babu ɗan Gwaram sai ƙwai da yashi." Baffa ya ce, "Da hannuwa, Iya."

Muka barbaɗa fulawa a bayan tire, muka murza kwaɓin da kwalba har ya yi kaurin rabin yatsa. Kowa ya sami abin yankansa. Wani bakin kofin shayi, wani murfin kwalba. Tagwaye suka ce su mota za su yi, suka yi wani abu mai kama da kunkuru. Jiya da na ga haka da na ƙwace, amma yau na bar su. Muka shafa wa faranti bota muka jera, da 'yar tazara a tsakani, don suna buɗewa in sun ji zafi.

Wurin wuta kam na ja layi a ƙasa da tsinke, na ce babu mai tsallakewa. Na bar tukunya a rufe a kan garwashi kamar minti 10 don yashi ya ɗauki zafi, sa'an nan na sa faranti na mai da murfi. Ina shirin komawa gefe sai na ji wata 'yar murya a bayana, a dishe, ta ce, "Yaya, Inna takan sa garwashi a kan murfi."

Tsakar gida ta yi tsit. Na ga Iya ta juya fuska wajen bango tana gyara mayafi. Ni ma sai da na haɗiye wani abu a maƙogwaro kafin na ce, "Guda nawa, Takwara?" Ta ce, "Kaɗan." Na ɗebi garwashi da cokalin ƙarfe na jera a kan murfi har ta ɗaga kai alamar ya isa. Wannan shi ne sirrin da babu shi a littafina: zafi ta ƙasa, zafi ta sama, don kada gindi ya ƙone kai yana ɗanye.

Ban dubi agogo ba. Muka zauna a bayan layi mu 5 muna sansanar iska. Bayan kamar minti 15 ƙamshi ya cika gida, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Takwara ta ce, "Ya yi." Na buɗe, na taɓa guda ɗaya na ji shi da laushi, gabana ya faɗi. Sai na tuna Malama ta ce haka yake fitowa, sai ya huce yake yin ƙarfi. Muka juye a faifai muka jira. Kai, jiran nan ya fi komai wuya ga yara! Sau 3 muka ɗora faranti, muka sami guda 41, har da kunkuru 2.

Iya ita ta yi rabo. Kafin kowa ya ci, ta ware guda 7 ta sa a ƙoƙo, ta miƙa wa Takwara ta ce, "Takwarata, kai wa almajiran da ke ƙofar gida. Sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin mai tukunya." Yarinya ta karɓa da hannu biyu ta fita, muka ji ana ta amin. Da ta dawo Iya ta gutsuri nata, ta tauna a hankali da sauran haƙoranta, ta ce, "Kishiya, yau kam kin ci gida. Amma fa ba ke kaɗai ba." Na ce, "Na sani, Iya."

Saura maganar kuɗin mota. Ana gobe zan tafi na sami Baffa na faɗa masa gaskiya. Ya biya mini, amma ya ce da bakina zan gaya wa Baba, shi ba zai rufa mini ba. Haka kuwa aka yi. Baba ya yi mini faɗa sosai, ya ce amanar da aka ba mutum don wani abu ba ya karkatar da ita don wani, ko da abin alheri ne. Ya yanke mini kuɗin tara na mako 2, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai da na ba shi labarin garwashin kan murfi, ya daɗe bai ce komai ba, gama ƙanwarsa ce.

Ba zan ce muku biskit ya warkar da Takwara ba. Maraici ba ya ƙarewa a yini ɗaya, kuma har na baro Gwaram maganarta ba ta da yawa. Amma ranar da zan tafi ta rako ni har bakin zaure, ta ce in na dawo za ta nuna mini yadda ake kek a gwangwani. Da hutu ya sake zagayowa kuwa ta cika alkawari.

To, 'yan'uwana, musamman mu da muke da ƙanne a gida, ga 'yar shawarata. In za ku yi irin wannan aiki da yara, ku ba kowa abin da hannunsa zai iya: mai tankaɗe, mai bugu, mai yanka. Wuta da wuƙa su zauna a hannun babba. Ku sa rai za a zubar da fulawa, za a ɓata riga, siffar biskit kuma ba za ta yi kama da ta kanti ba, duk wannan ba asara ba ne. Kada a cika musu zaƙi, a kuma sa su wanke baki bayan sun ci. Abu na ƙarshe, in yaro ya ja muku zane yana nuna wani abu, ku waiga ku duba kafin ku buge hannunsa. Mu da muke zuwa makaranta muna saurin ɗauka cewa ilmi duka a littafinmu yake, alhali ni 'yar shekara 5 ce ta gyara mini aikin da aka tafa mini a kansa a aji.

Nan zan dakata. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya raya mana ƙannenmu, ya ba mu haƙurin zama da su, amin.